Likitan Inna

A Matameye babu mai kirana da sunana. Likita ake ce mini, tun daga tasha har ƙofar gidanmu, alhali ko kaza ban taɓa yi wa allura ba. Inna ce ta raɗa mini sunan, ni kuma na amsa. Na yi shekaru ina amsawa, don amsawar ta fi dogon bayani sauƙi, kuma in zan faɗi gaskiya, tana yi mini daɗi.

Mu biyu ne a wajen Inna da muka rayu, ni da Yaya. Ita ce ɗiyar fari, ta girme ni da shekara tara, kuma a bayanta na yi wayo. Ba a sa ta lakwal ba, wato makarantar boko, ni aka sa. Tun tana budurwa take tuyar ƙuliƙuli da matsar man gyaɗa, har ta yi aure a unguwarmu, gida uku tsakaninta da Inna, ba ta bar sana'ar ba. Duk lokacin da zan koma karatu, Damagaram ne ko Yamai, sai ta cusa mini ƙullin ƙuliƙuli da kwalbar mai a jaka, tana cewa kada boko ya tsotse ni in dawo kamar sanda. Littattafaina na wancan zamanin duk suna da tabon mai.

A jami'a ban karanta aikin likita ba. Ilimin halittu na yi, daga nan na shiga labo, wato ɗakin bincike, inda ake nazarin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro. Aikina shi ne in ɗiga jini a kan ɗan gilashi, in rina shi, in sa a madubin da ke girmama abu, in yi ta ƙirga ƙwayoyin da ke cikinsa. Mai jinin ban san shi ba, lamba ce kawai a jikin gilashin. Da na gama babban digiri aka fara kirana Dokta, sai na buga waya gida da murna. Wani Alhaji maƙwabcinmu, wanda a lokacin shi kaɗai ke da waya a layinmu, ya juya ya fassara wa Inna cewa ɗanta ya zama likita. Kafin azahar an soya waina an raba sadaka.

Sau ɗaya na gwada gyara zancen. Na ce mata ni jini nake dubawa, ba mutum ba. Ta dube ni sheƙeƙe ta tambaye ni ko jinin na akuya ne. Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, zancen ya wuce a haka.

Shekara takwas na yi a kan madubin nan, kuma ina son aikin, ba zan ɓoye ba. Akwai wani irin natsuwa a cikinsa, kai da ɗigon jini, duniya duk ta koma ɗan da'irar haske. Amma bincike a ƙasarmu da tallafin waje yake tafiya, ranar da masu tallafin suka juya wani wajen, sai ka ga firiza a kashe, mutane suna zaune suna kallon juna. Haka ta faru da mu. Abokan aikina wasu suka tsallaka Turai, wasu suka shiga ƙungiyoyin agaji. Ni idanuna sun riga sun fara gajiya, kaina yana sarawa kullum da la'asar. Sai na lura da wani abu da ban taɓa ɗauka aiki ba: a labon nan, duk wanda ke neman wata maƙala da ta ɓace masa, wurina yake zuwa. Ni na san inda ake tono su, na san wace mujalla ce ta gaskiya, wace ce ta 'yan damfara da ke buga duk abin da aka miƙa musu. Da aka nemi mai kula da ɗakin karatu na sashen kimiyya a jami'a, na miƙa takarduna. Na yi shekara guda ina koyon tsarin aikin, na dawo aka ba ni makullai.

Tsofaffin abokaina sun riƙa gaishe ni kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wani ma ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, komai mai wucewa ne. Haushi ya kama ni, don ni ban ga abin haƙuri ba. Na tarar da kundayen ɗalibai jibge a ƙasa gara tana sha'aninta, na ɗaga su na jera. Na koya wa ɗaruruwan yara yadda ake neman abin da aka riga aka sani kafin a ce za a gano sabo. Jan kunnena kullum ɗaya ne, har sun mayar da shi abin tsokanata: kada ka yarda da takardar da ba ka karanta da idonka ba.

Da na gaya wa Inna an mayar da ni ɗakin littattafai, sai ta ce ashe girma aka ƙara mini, yanzu ni ke ba likitoci littafin da za su duba. Ban gyara mata zancen ba.

Idan na zo hutun salla, da hantsi zauren gidanmu yake cika. Tsofaffi su zo da ledojin magani, in karanta musu abin da aka rubuta da Faransanci, wannan kafin abinci, wancan bayan abinci, in ce su koma wajen majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin garin, in abin ya ƙi. Ban ga laifin haka ba. Ana kawo mini zabbi da rake, ana matsa mini a sahun gaba a masallaci. Yaya kaɗai ta gano ni. Ta taɓa zuwa Yamai ta kwana biyu a gidana, na kai ta wurin aikina, ta zagaya tsakanin kantocin littattafai tana shafa su, ba ta ga gado ko ɗaya ba, ba ta ji warin magani ba. Tun daga nan in mun keɓe sai ta ce da ni likitan takarda, ta yi dariya har da riƙe ciki. A gaban mutane kuwa ita ta fi kowa ɗaga murya wajen kiran Likita.

Abin ya faru da rani, lokacin da mijinta ya tafi cin rani Kano kamar yadda ya saba kowace shekara. Ta je wani lambu wajen Tsauni, ta taka kututturen rake da aka sare, ya huda mata tafin ƙafa. Ni ina Yamai, lokacin ne ɗalibai ke rige-rigen kammala kundayensu, layi har bakin ƙofa, kowa yana ganin nasa ne ya fi gaggawa. Da tsakar rana Inna ta kira. Inna ba ta kama sunan Yaya, kunyar ɗan fari, kuma ba ta nuna damuwa a kanta ko da cikinta yana ƙuna. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta ba ni labarin tunkiyar da ta haihu, sai can a ƙarshe ta ce mutuniyar tawa ta taka wani abu, ƙafar ta ɗan kumbura. Na tambayi jikin, ta ce da sauƙi.

"Majo ya ba da wata takarda," in ji ta. "Na adana maka."

"To Inna, ki ajiye. Ina nan tafe in an gama jarrabawa, zan duba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, ɗalibi yana tsaye a kaina da ordinatarsa, wato kwamfuta, a buɗe. A layinmu yanzu kowane gida akwai mai wayar da ke ɗaukar hoto. Da na ce a ɗauki hoton takardar a turo mini, da ban kai ga shan ruwa ba ta iso. Ban ce ba. Takarda ce, ni kuma takardu sun saba jirana a kan tebur. Kuma ni ɗan garin nan ne, na san ko mutum yana gargara in ka tambayi jiki da sauƙi za a ce maka, amma na karɓi kalmar kamar baƙo. Bayan mako guda na kira Yaya da kanta. Ta yi mini tsiya, ta ce in zo mata da atamfa mai ruwan ganye, ta ce ƙafa da sauƙi. Na ji muryarta ta ɗan yi ƙasa, na ce ko rashin kyawun layi ne.

Da aka gama jarrabawa na kama hanya, da hantsi na isa Matameye, bayan doguwar tafiyar da ta kakkarya ni. Tun daga zauren gidan Yaya na ji turaren wuta ya yi yawa, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari. Na san warin. Tun ina ɗalibi na san shi, a 'yan faya-fayan gilashin da muke renon ƙwayoyin cuta a ciki, waɗanda ba a buɗewa sai da safar hannu. Ban taɓa jin sa a jikin mutum ba.

Tana kwance a kan katifa a ƙasa, ta rame, leɓɓanta sun bushe. Mata sun cika ɗakin da tsakar gida, an ji Likita ya iso. Aka kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi. An barbaɗa garin bagaruwa, an yi duk abin da aka sani. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, kumburin ya haura idon sawu. Inna ta shigo da kwallarta, wadda take ajiyar abin da ba ta son ya ɓata, ta buɗe, ta ciro leda, ta warware, ta miƙo mini takardar da hannu biyu. Ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Layi huɗu ne da Faransanci. Majo ya auna jininta ya ga suga ya hau ƙwarai, ciwon da ba wanda ya san tana da shi. Ya rubuta a kai ta babban asibiti a Damagaram. A ƙasa akwai kalma ɗaya da ya ja wa layi biyu, ma'anarta da gaggawa. Na dubi kwanan watan, na ƙirga da yatsuna kamar ɗan aji ɗaya. Kwana ashirin da uku.

Na tambayi Inna ko majo bai yi musu bayani da baki ba. Ta ce ya yi, ya ce a tafi Damagaram. Ita kuma ta ce masa ɗanta likita ne a Yamai, ba za ta kai yarinya a yanke mata wani abu ba sai ya gani. Majo ya ce to a gaggauta sanar da shi. Ta sanar da ni, na ce ta ajiye. Ba da faɗa ta faɗi haka ba, bayani take yi mini, kamar mai nuna ta cika umarni.

Duk idanun ɗakin suna kan jakata. Jira suke in zuge ta in fito da allura. Abin da ke ciki kayan sawata ne, da ordinata, da dabino, da atamfa mai ruwan ganye. Na durƙusa a gaban ƙafar na rasa inda zan sa hannuna. Na san sunayen ƙwayoyin da ke cinta, na san yadda suke hayayyafa, zan iya zana su a allo. Yadda ake wanke gyambo a ɗaure kuwa ban sani ba. Yaya ta ɗaga hannu ta ce mata su ɗan ba mu wuri, likita zai duba ta. Suka fita, har da Inna.

"Kada ka buɗe jakar nan a gabansu," ta ce. "Na san abin da ke ciki."

Na tambaye ta me ya hana ta tafiya, ita da ta san ko ni wane ne. Raina a ɓace yake, kamar ita ta yi mini laifi.

"Inna ta ce a jira ka. In na ce kada a jira, sai na faɗa mata dalili." Ta ɗan numfasa. "Kuma ni na ɗauka ciwon ƙafa ne kawai."

Kafin azahar na samo mota, muka shimfiɗa ta a baya, kanta a cinyar Inna. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta cije leɓe. A asibitin Damagaram likitar da ta karɓe mu mace ce, kuma ta gane ni kafin in gane ta. A Yamai ta yi karatu, ni na tattara mata maƙalun da ta rubuta kundinta da su. Ta gaishe ni da girmamawa, tana ce mini Dokta, na ga Inna ta gyara zama tana kallon sauran masu jinya. Likitar ta duba ƙafar, ta karɓi takardar majo ta karanta. Ta kai kan kwanan watan ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ta juya ta kira ma'aikata a shirya ɗakin tiyata. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Amma cutar ta riga ta shiga jini, ƙoda ta fara gazawa. Suka yi abin da za su iya, na gani da idona, ba ni da abin cewa a kansu. Ni kuwa ba ni da aikin yi a ɗakin, ko ruwan da ake ƙara mata ban san yadda ake daidaita gudunsa ba. Sai na koma gindin wata bishiya a harabar asibitin, inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi, na ciro waya na yi abin da na iya. Na nemo duk abin da aka rubuta a kan irin ciwonta. Na ware na kirki daga na banza, na jera su, na karanta ɗaya bayan ɗaya. Tun da na fara aikin nan ban taɓa yin bincike mai tsafta kamar na ranakun nan ba. Ina nema ne ko zan sami guda ɗaya da za ta ce jinkiri ba ya canza komai. Ban samu ba. Dukansu bakinsu ɗaya: irin wannan rauni, in an kama shi a kwanakin farko, galibi ana tsira da rai, sau da yawa har da ƙafar.

Mijinta ya iso daga Kano a rana ta uku, da ƙurar hanya a jikinsa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya, wai ba don ni ba da ba a karɓe su da wuri haka ba. Na ce ba komai. A rana ta biyar, bayan azahar, Yaya ta cika. Tun da safe ba ta gane kowa ba, don haka babu wata magana ta ƙarshe tsakanina da ita.

A Matameye aka yi zaman makoki. Masu gaisuwa suna ta faɗa wa juna cewa ga likita a gida amma kwana ya ƙare, Allah ke nan. Kowa ya faɗa sai in amsa da amin. Majo ma ya zo, dattijo mai furfura, ya yi mini ta'aziyya ya kira ni Dokta. Na kasa haɗa ido da shi.

Washegarin sadakar bakwai zan koma Yamai. Da safe na tarar da Inna ita kaɗai a tsakar gida, ta baje ragowar gyaɗar Yaya a faifai tana ɓara, wai kada ta lalace. Na zauna a kan turmi kusa da ita. Na kwana bakwai ina shirya maganar, amma da ta fito gajeriya ce.

"Inna, ni ba likita ba ne. Ban taɓa zama likita ba. Littattafai nake tsarewa."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ba ta dube ni ba.

"To wa na jira?" ta ce.

Muka zauna, kaji suna tsattsagar ɓawon gyaɗa a gabanmu. Na ga hawaye a fuskarta, ita da ko a gaban gawar ba ta yarda an ga hawayenta ba. A lokacin na gane abin da na yi mata. Na sauke kayana ne a kanta. In ni ba likita ba ne, to ita ce ta tsare 'yarta kwana ashirin da uku a ɗaki saboda mai tsaron littattafai.

Ta share fuska da gefen mayafinta. Da ta sake magana, sai ta yi kamar ban ce komai ba.

"Likita, tambayarka zan yi, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Da an kai ta ranar da majo ya ce, da ta tashi?"

Wayar tana aljihuna, da duk abin da na tara a gindin bishiyar nan. Na san amsar fiye da kowa a garin.

"A'a, Inna," na ce. "Ko an kai ta ranar, ciwon ya riga ya yi nisa."

Ta daɗe tana kallona. Ban sani ba ko ta yarda, har yau ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta jawo faifan ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Na ɗauki jakata na fita tasha.